Kafin ka ajiye aikin biro ka koma aiki daga gida

Cikin watannin nan samari uku suka same ni a unguwar Zariya, nan Maradi, da magana ɗaya: sun samu aiki ta intanet, za su ajiye na biro. Kowannensu tambayarsa wace kwamfuta zai saya. Ko ɗaya bai yi zancen wuta ba.

Ni kuwa wuta ce ta kayar da ni. A biro in kuran ya ɗauke, mai gadi ya tada inji, kai ba ruwanka. A gida kai ne mai gadin, kai ne mai sayen man. Na bar biro farkon 2023, dogarona batirin kwamfuta mai awa biyu. Wutar Maradi ta layin Katsina take shigowa, kuma a watan Agusta na shekarar Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Sau biyu na kasa miƙa aiki kan lokaci, a na uku suka ba wani. Na yi wata huɗu ba shigar ko dala, ga iyali. Laifina ne, domin tun kafin nan kowa ya san yadda wuta ke yi mana da bazara. Don Allah ƙanena, tun albashi na shigowa ka sayi faifan sola da batir da za su riƙe kwamfuta da fanka yini guda. Kada ka raina fanka. A Afrilu zafi na haura digiri 40, kwamfuta kan mutu da kanta, kai ma kanka ba ya aiki.

Na biyu, kuɗi. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai ka ga biyan farko ya shigo hannunka, ka ƙirga abin da aka zaftare a hanya. Ni ina neman a biya ni da Yuro, saboda canjinsa a tsaye yake, kusan sefa 656 kan Yuro ɗaya. Dalar Amurka kuwa yau sama gobe ƙasa. Ka tuna kuma kuɗin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da wurin aikinka ke zuba maka ya tsaya, tanadin tsufa ya dawo wuyanka.

Layin waya ɗaya bai isa ba, ka riƙe biyu na kamfani daban-daban, ka gwada rezo a ɗakin da za ka zauna, ba a ƙofar gida ba. In masu ba ka aikin a Faransa suke, ka tuna agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Sai mutanen gida. A wajensu wanda ke zaune gida ba shi da aiki. Inna za ta aike ka babbar kasuwa, abokan fada su aiko a ce shayi ya nuna, kowane suna kai ne wakili. Kunya ce ke hana ku magana, kuma ita za ta raba ku da aikin. Ni na durƙusa gaban mahaifiyata na ce, "Inna, daga ƙarfe takwas zuwa azahar ki ɗauka ina biro." Har yau ina sa kayan fita da safe, in shiga ɗaki in ja ƙofa. Aikenta kuma bayan la'asar nake zuwa.