Yadda Ake Neman Tallafin Gwamnati Domin Binciken Haɗin Gwiwa Kan Muhalli da Sauyin Yanayi

Abu na farko da ya wajaba a kan mai neman irin wannan tallafi shi ne ya karanta sanarwar daga farko har ƙarshe, ya gano wanda ya cancanci nema da kuma wanda zai biya shi, domin a nan takardu masu kyau suke faɗuwa tun kafin wani masani ya duba ilimin da ke cikinsu. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, wanda ke gudana daga 2021 zuwa 2027 da kasafin farko na kimanin Yuro biliyan 95.5, ya yi niyyar kashe kashi 35 cikin ɗari a kan ayyukan yanayi, kuma a yawancin ayyukan haɗin gwiwa yana buƙatar aƙalla cibiyoyi uku da ba sa ƙarƙashin juna, daga ƙasashe uku na Tarayyar ko masu yarjejeniya da shirin. Cibiyoyin ƙasashe masu tasowa da yawa suna iya shiga bayan an cika wannan sharaɗi, su ma a biya su. Tsarin Belmont Forum kuwa, wato gamayyar hukumomin tallafa wa bincike da aka kafa a 2009, ya sha bamban, domin kowace hukuma tana biyan waɗanda dokarta ta amince da su ne kawai. Wanda babu hukumar da ta ɗauki nauyin ƙasarsa a wannan zagaye yana iya ganin sunansa a cikin tawaga, amma ya tashi hannu rabbana.

Daga nan sai haɗa tawaga, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi kowane nauyi. Kada a jira sai wa'adi ya ƙarato sannan a fara aika wasiƙu ga mutanen da ba a taɓa aiki da su ba. A nemi abokan aiki tun da sauran watanni, a tsara tambayar binciken tare da su, saboda masu tantancewa suna saurin gane tawagar da aka haɗa don cika sharaɗi kawai. Binciken ambaliya, alal misali, yana buƙatar masanin ruwa da masanin yanayi, amma ba zai kai ko'ina ba idan babu masanin zamantakewa da zai bayyana dalilin da ya sa jama'a suke komawa gidajensu a bakin kogi, da kuma hukumar da za ta yi aiki da sakamakon. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mayar da masu binciken wuraren da matsalar take 'yan tattara bayanai kawai, yayin da nazari da suna da mafi yawan kuɗi suke tafiya wani wuri. Maganin wannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya tun da wuri, wadda za ta fayyace wanda zai jagoranci kowane sashe, wanda ya mallaki bayanan da aka tattara, yadda za a jera sunaye a maƙalun da za a wallafa, da yadda za a warware saɓani.

Wajen rubuta takardar, a bi ma'aunin tantancewa kai da fata. A Horizon Europe ana duba abubuwa uku: ingancin ilimin, amfanin da zai haifar, da yadda za a aiwatar da aikin. Sashen amfani ne masana suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuɗin jama'a ake nema, saboda haka a faɗi ƙarara wace hukuma ko wace al'umma za ta karɓi sakamakon, a wane lokaci, kuma me za ta yi da shi.

Kasafin kuɗi ya dace da aikin da aka lissafa, har da sufuri zuwa fili, gyaran na'urorin auna yanayi da horar da ɗalibai. Shirin Horizon Europe yana ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin aiki na kai tsaye domin hidimomin cibiya, amma wasu hukumomi suna da nasu ƙa'idar, don haka a zauna da ofishin kuɗi na cibiya kafin a sanya ko da adadi ɗaya. Idan aikin ya ƙunshi ɗaukar tsirrai ko ƙwayoyin halitta daga wata ƙasa, Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi neman izini da raba amfani, kuma samun izinin yana cin lokaci.

A kammala rajistar cibiya a shafin hukumar da ke ba da tallafin tun da wuri, a kuma miƙa takardar kwana biyu ko uku kafin wa'adi, domin na'ura ba ta karɓar uzuri. Idan ba a dace ba, a karanta sharhin masu tantancewa tare da dukan tawagar, a gyara abin da suka nuna, sannan a sake nema a zagaye na gaba.