Idan Maganin Suga Ya Fara Wahalar Da Kai, Ga Abin Yi Kafin Ka Ajiye Shi

Yawancin masu ciwon suga da na sani waɗanda suka ajiye maganinsu, ba taurin kai ne ya sa su ba, kuma ba kullum ne rashin kuɗi ba. Maganin ne ya wahalar da su. Wani gudawa ta hana shi zaman shago, wata jiri ya kusa kayar da ita a bakin murhu, sai suka yi shiru suka tura kwalin ƙarƙashin katifa, likita bai sani ba. Can sai ka gan su da jarkar jiƙo, wai an ce tana tumɓuke suga daga tushe. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma na daɗe da wannan ciwo, yayata kuma allurar insulin take yi. Abin da nake so ka riƙe, ɗan'uwa, shi ne kusan kowace wahalar magani tana da gyara, sai dai ba a gyara abin da aka ɓoye wa likita.

Fara da sanin sunan abin da kake sha. "Farar ƙwaya babba" da "ƙarama ta safe" ba suna ba ne. Duba kwalin, ka rubuta sunan da lambar da ke gefensa, 500 ce ko 1000, 2 ce ko 5, a shafin farko na ƙaramin littafi. Idan karatun boko bai samu ba, yaro ya rubuta maka, ko ka ɗauki hoton kwalin a waya. Kowane magani da irin fitinarsa.

Metformin da rikicin ciki

Shi ne aka fi fara ba mutum, wasu sun san shi da Glucophage. Ni ma shi nake sha. Farkon farawata cikina ya riƙa ƙugi ina tsakiyar darasi, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe, shayin safe ma ya fita daga raina. Gudawa, tashin zuciya, kumburin ciki, duk sanannun abubuwa ne a makonnin farko, kuma ga yawancin mutane suna lafawa da kansu.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne lokacin sha. Kada ka haɗiye shi ciki ba komai. Ka ci 'yan lomomi, ka sha ƙwayar, sannan ka ƙarasa abincin. Idan an fara maka da mai yawa kuma cikinka ya ƙi, koma wajen likita ka roƙi a sauko da kai 500 sau ɗaya a rana, da abincin dare, a riƙa ƙarawa mako-mako. Idan hakan ma bai yi ba, akwai nau'in da ke narkewa a hankali, za ka ga XR ko SR a jikin kwalin, yakan fi sauƙi ga ciki. Shi ba a tauna shi, ba a daka shi. Wani lokaci mutum yakan ga kamar ƙwayar ta fito a bayan gida yadda ya haɗiye ta. Ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya shiga jiki.

Akwai abu biyu da ba a cika gaya wa mutane ba. Na farko, wanda ya yi shekaru yana shan Metformin, sinadarin bitamin B12 yakan ragu a jikinsa, ya kawo kasala, ƙarancin jini, da zugi ko sagewar tafin ƙafa. Sai a ɗora wa suga laifin duka, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna, kuma ƙwaya ko allura na gyara shi. Na biyu, ƙoda ce ke fitar da wannan magani. Ranar da amai da gudawa mai tsanani suka kama ka, ruwa ba ya zama a cikinka, musamman a zafin watan Afrilu, ka dakatar da shi ka nemi asibiti, ka koma sha bayan ka dawo da ci da sha. A gwada ƙodarka aƙalla sau ɗaya a shekara. Ka kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis kullum yamma, suna gajiyar da ƙoda.

Saukar suga, wadda ita ce ke kisa da wuri

Hawan suga a hankali yake ɓarna, saukarsa kuwa cikin mintuna. Magungunan da suka fi jawo shi su ne insulin da dangin glibenclamide, wato Daonil, da glimepiride da gliclazide. Waɗannan ƙwayoyin suna tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ka sha da safe, ka fita gona ko kasuwa ba ka karya ba, to ka jira.

Alamun su ne karkarwa, zufa mai sanyi, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani, gani dishi-dishi, fushi ba dalili. Idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urar da ke ba da ƙananan lambobi, suga ya sauka. Idan babu na'ura a kusa, kada ka tsaya nema. Sha sukari ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ko zuma babban cokali ɗaya. Jira minti 15 ka sake gwadawa, idan bai hau ba ka maimaita. Da ka dawo hayyacinka, ci abinci mai riƙe ciki. A aljihun kowace rigata akwai sukari mai ƙwaya guda huɗu a ƙulle a leda, kuma na gaya wa malaman da muke ofis ɗaya inda yake.

Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa fitowa daga masallaci bayan azahar yana surutai, yana ture mutane, rigarsa sharkaf da zufa. Wasu suka ce iska ce, aka fara neman mai ruƙiyya. Jikarsa ce ta rugo tana cewa, "Baba bai ci komai ba tun da ya sha maganinsa!" Aka jiƙa sukari a kofi aka ba shi, tun yana iya haɗiya. Ba a jima ba ya ɗago yana tambayar takalminsa. Shi ya sa nake cewa a koya wa mutanen gida waɗannan alamu, har yara. Amma idan mutum ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Wanda kuma Daonil ne ya saukar masa, ko ya farfaɗo a kai shi a duba, domin maganin yana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa cikin dare. A ganina tsohon da ƙodarsa ta fara rauni bai kamata ya zauna a kan Daonil ba tare da an tambayi likita ko gliclazide zai fi masa ba. Kuma idan zazzaɓin cizon sauro ya kai ka asibiti, faɗi cewa kana shan maganin suga, domin kwinin ma yana saukar da shi.

Masu insulin, ku riƙa sauya wurin allura. Yayata ta saba da gefe ɗaya na cikinta saboda ba ya zafi, har wurin ya yi ƙullutu, maganin ya daina shiga daidai, suga yau sama gobe ƙasa. Da ma'aikaciyar jinya ta nuna mata ta riƙa matsawa faɗin yatsa kowane lokaci, tana zagaya ciki da cinya, lambobin suka daidaita. Zafi yana lalata insulin, ƙanƙara ma haka. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a ajiye a inuwa, tana sanyaya kwalbar. Kwalbar da aka buɗe, yawanci wata ɗaya ne wa'adinta. A kuma duba lambar kwalba ta yi daidai da ta sirinji, 100 da 100, 40 da 40. Ko ba ka da lafiya ba ka cin abinci, ba a tsayar da insulin gaba ɗaya, likita ne zai rage.

Sababbin magungunan kuwa, Jardiance da Forxiga ta fitsari suke fitar da suga, don haka suna kawo yawan fitsari da ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata. Yawan shan ruwa, tsarki da ruwa da busar da wurin suna ragewa, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa wa likita. Suna da amfani ga zuciya da ƙoda, amma amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama a kansu abin gaggawa ne ko da na'ura ba ta nuna suga ya hau sosai ba. Pioglitazone yakan kumbura ƙafa, bai dace da mai ciwon zuciya ba.

Batun azumi, je asibiti tun a Rajab ko farkon Sha'aban a sake tsara maka lokutan sha, kada ka tsara da kanka daren ganin wata. Ka'idar da likitoci ke bi ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, karɓar rangwamen nan ba raunin imani ba ne.

To maganin gargajiya fa?

Ba na raina shi. Metformin ɗin kansa daga binciken wata ciyawa ta Turai mai suna Galega ya samo asali, kuma wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya fara gwada shi ga masu suga a 1957. Amma ita ciyawar tana kashe tumaki idan sun ci da yawa. Abin da ya raba ƙwayar da ciyawar shi ne awo: an san nawa ke cikin kowace ƙwaya, an san abin da take yi wa ƙoda. Jarkar da aka saya a bayan mota mai lasifika ba wanda ya san awonta, har mai sayarwa.

Zogale, shuwaka, hulba, girfa, habbatus sauda, garahuni, duk ana ambatarsu. Wasu, kamar hulba da girfa, an ga suna ɗan rage suga a ƙananan gwaje-gwaje, amma babu ko ɗaya da aka tabbatar yana warkar da ciwon ko yana maye gurbin magani. Kwaɗon zogale da miyar shuwaka abinci ne masu kyau, ina cin su sosai. Matsalar tana farawa ne idan aka mayar da su jiƙo mai kauri ana ɗirka safe da yamma. Girfa mai yawa tana taɓa hanta. Hulba a kan Daonil na iya saukar da suga fiye da kima. Ruwan kuɓewa da ake yayi, gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana hana Metformin shiga jini sosai, don haka ko za ka sha, kada ka haɗa su lokaci ɗaya. Zuma kuwa, duk albarkarta, zaƙi ce, na'ura za ta nuna maka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin da ake zuba wa maganin bature a ɓoye don ya yi aiki nan take. A Singafo a 2008 mutum kusan 150 aka kwantar a asibiti da mummunar saukar suga bayan shan magungunan ƙarfin maza na bayan fage da aka cakuɗa da glibenclamide, wasu suka rasu. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalbar. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, masu ɗauke da dexamethasone, suna harba suga sama.

Idan duk da haka kana son gwada wani ganye, ga yadda nake ganin ya fi aminci. Kada ka tsayar da maganin asibiti. Gaya wa likitanka sunan abin, ko da zai ɓata fuska. Gwada abu ɗaya tak, wanda ka san ganyensa da idonka, ba haɗin da ba a faɗa maka abin da ke ciki ba. Auna suga da safe kafin ka ci komai da kuma awa biyu bayan abinci, ka rubuta na mako biyu kafin farawa da mako biyu bayan farawa, ka kwatanta. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda ko hanta, da yaron da ke kan insulin, su kam kada ma a gwada a kansu.

Hanyar da aka tabbatar tana rage buƙatar magani ba a kwalba take ba. A wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2017, masu ƙiba da ba su wuce shekara 6 da ciwon ba aka sa wa tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba magani, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Wannan lafawa ce, ciwon yakan dawo idan nauyin ya dawo, kuma bai shafi siraran mutane ko masu nau'in da dole sai da insulin ba. Amma ko ba ka kai nan ba, rage malmalar tuwo daga biyu zuwa ɗaya, ƙara wake da ganye, shan fura da kunu ba sukari, da tattaki na minti 30 yawancin ranakun mako, suna iya sa likita ya rage maka ƙwaya. Acca da alkama ma sai da awo, ba a cika kwano don an ce na masu suga ne.

Ranar ganin likita, tafi da littafinka, da kwalayen duk abin da kake sha, har da na hawan jini da ƙullin garin ganye. Faɗi wahalar dalla-dalla: yaushe take zuwa, bayan wane magani, ka ci abinci ko ba ka ci ba. Tambayi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin wata uku. Ga yawancin manya ana son ya zauna ƙasa da 7. Idan kana da sikila ko ƙarancin jini ka faɗa, domin suna iya karkatar da sakamakon. Kafin ka tashi daga kujera, ka ce masa, "Likita, idan wannan bai karɓe ni ba, me zan yi kafin ranar dawowata, kuma wa zan kira?"