Ga masu shirin hawa dutsen Chappal Waddi

'Yan uwa, Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba tsayinsa mita 2,419 ne. Ku fara gwada ƙafafunku a duwatsun Shere nan Jos da jakar da za ku goya. Ku tafi da rani, Disamba zuwa Fabrairu, da damina hanyar santsi ce. Kada ku hau ba ɗan jagora daga ma'aikatan gandun.

Sabon takalmi kam a'a, bororo zai fito muku. Ku yanke farce, domin a gangarowa yatsu ke dukan bakin takalmi har farcen ya yi baƙi. Kowa ya riƙe sanda saboda gwiwa, da ruwa aƙalla lita 3 a yini, da dabino, da rigar sanyi.