Kurakuran da muke yi wajen tanadin jinyar iyaye da dukiyarsu

Abu ɗaya ne yake ta maimaituwa gida-gida har na gaji da gani: tsoho yana da lafiya kowa ya yi shiru, wai kunya, wai kar a ce ana masa fatan mutuwa. Ran da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ko gigin tsufa ya kama shi, sai a shiga zazzage akwati ana neman takardu.

Mafi yawa katin cirar kuɗi ne kawai tsarin gidan. Baba ya miƙa wa ɗa guda kati da lambar sirri, shi ke nan. To kati yana da ranar daina aiki, kuma banki mai asusun yake son gani kafin ya ba da sabo. Haka za a cicciɓo dattijo a bayan mota, hannu na rawa, sa hannunsa ya ƙi dacewa da na da. Wasu suna zuwa lauya ya rubuta takardar wakilci, wannan daidai ne, amma a sani wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta, haka kuma in hankalinsa ya gushe. Daga nan sai kotu. Ni abin da nake yi: a buɗe asusun jinya daban tun Baba yana cikin hayyacinsa, shi da kansa ya zuba abin da ya ware, 'ya'ya biyu su riƙa sa hannu tare. Sannan littafi mai kauri a ɗakin mara lafiya, ko kuɗin allura ɗaya a rubuta, a liƙa rasit. Wanda ya ce wannan rashin yarda ne, bai taɓa zama wurin rabon gado ana tambayarsa ina kuɗin shekara uku suka shiga ba.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne kyautar baki, don ta ci gidanmu. Ƙanwata ce ta bar sana'arta ta tare wurin mahaifinmu. Ita ce wanka, ita ce juya shi cikin dare kar bayansa ya yi gyambo. Sau da yawa yakan ce a gaban kowa, "Gidan nan naki ne, Auta." Kowa ya ce, "To, Baba, Allah ya ƙara lafiya." Da ya rasu aka je gaban alƙali, tambaya ɗaya ya yi: ta karɓi gidan a hannunta? Ba ta karɓa ba, don a cikinsa Baba ya zauna har ƙarshe, makulli da takardu suna ƙarƙashin katifarsa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyautar da ba a karɓe ta ba har mai ita ya mutu ta ɓaci. Wadda aka yi cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Ba su yarda ba. Waɗanda ba sa leƙowa sai da Sallah su suka fi ɗaga murya.

Haba jama'a! In uba yana son ya saka wa mai jinyarsa, ku taimaka masa ya yi yanzu da ƙafarsa. Ya ba da abin da za a iya miƙawa, shago ko gona, a gaban shaidu, a rubuta, ta fara karɓar haya ko noma da kanta, a bi sauya suna a ofishin filaye. In babu kadara, a yanka mata wani abu duk wata daga kuɗinsa da izininsa, a sa a littafin nan.

Sauran a gurguje. Sunan da aka cike a gurbin makusanci a fom ɗin banki ko na fansho ba ya mayar da mutum mai gado. Sai an kawo takardar kotu kafin a saki kuɗi. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da BVN da kamfanin fansho, don gyara bayan mutum ya kwanta azaba ce. Kar a bar layin wayarsa ya mutu, ta nan saƙon banki ke shigowa.

Mai ritaya a tsarin fanshon da aka kawo a 2004 aka sabunta a 2014 yakan karɓi wani kaso a dunƙule. Nan ake zuga shi ya sayi Adaidaita Sahu ko ya aurar da yara uku rana ɗaya. Ku cire na magani tukuna. Inshorar lafiya kuwa, wadda dokar 2022 ta wajabta, a yi masa rajista a hukumar jiharsa, amma kar a zata za ta biya mai kwana da shi a gida ko ƙunzugun manya. Waɗannan daga asusun jinya za su fito, kowane wata.