Yadda ake tarbar hunturu da man riɗi da citta bisa tsarin Ayurbeda

Mutumin da ƙafarsa ta yi faso a watan Disamba, bayan gida ya yi masa tauri, barci ya ƙi zuwa, gwiwa kuma tana ƙara in ya miƙe, yana iya ɗauka cuta huɗu ce ta taru masa. Masana maganin gargajiyar Indiya, wanda ake kira Ayurbeda, za su ce abu ɗaya ne ya yi yawa a jikinsa ya ɓullo ta ƙofa huɗu. A tsarinsu fata da ciki da barci da yanayin gari duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Suna karanta jiki da ɗabi'u uku. Vata ta iska ce da sarari, pitta ta wuta da ruwa, kapha ta ruwa da ƙasa. Ƙa'idar da ke tafiyar da komai gajeriya ce: abu yana ƙara irinsa, kishiyarsa kuma ta rage shi. Bahaushen da ya saba da maganar zafi da sanyi ba zai ji wannan baƙo ba. Ba a auna vata a ɗakin gwajin jini, hanya ce ta lura da jiki, kuma a haka ya kamata a riƙe ta.

Hunturun Kaduna, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bushewa ne da sanyi da kaushi da iska, siffofin vata ke nan cif. Don haka abin da ake nema shi ne ɗumi, maiƙo, danshi da tsayayyen lokaci.

A fara da shafa mai, wanda suke kira abhyanga. Man riɗi suka fi so a lokacin sanyi domin suna lissafa shi cikin mai masu ɗumi, man kwakwa kuwa na lokacin zafi ne. A nemi wanda ba a gauraya ba, a shaƙa tukuna, in yana warin tsufa a bar shi. Cokalin cin abinci uku zuwa huɗu ya ishi babba. A zuba a ƙaramar kwalba, a tsoma ta cikin kwanon ruwan zafi na minti biyar. Kada a ɗora man kai tsaye a wuta. A ɗiga a bayan hannu, in ya yi ɗumin da za a iya shafa wa jariri to ya yi.

Ana farawa daga kai da bayan kunne, a sauko wuya. A kan dogayen ƙasusuwa, wato damtse, cinya da ƙwauri, a ja hannu sama da ƙasa. A kan gaɓoɓi kuwa a riƙa kewayawa. Ciki yana da nasa tsari: a tashi daga ƙasan dama, a hau zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, a ratsa zuwa hagu, a sauka, domin haka babban hanji yake tafiya. Tafin ƙafa da diddige su ci minti biyu kowanne. A zauna a ɗakin da iska ba ta shiga na minti 15 zuwa 20, sannan a yi wanka da ruwan ɗumi, sabulu kaɗan a hamata da matsematsi kawai. Wanda ya dirje jiki da soso ya wanke aikinsa gaba ɗaya.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Shiga banɗaki mai tayil da ƙafa mai maiƙo, wanda kan kai ga faɗuwa, don haka a goge tafin ƙafa da tsumma kafin a taka. Shafawa bayan an cika ciki. Da kuma shafawa ana zazzaɓi ko mura mai nauyi, ko a kan rauni da ƙuraje. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar riɗi, saboda haka a gwada ɗigo ɗaya a wuyan hannu a jira kwana guda.

Sai ciki. Ayurbeda na kiran ƙarfin narkar da abinci agni, wato wuta, kuma tana ganin yawancin matsala daga raunin wutar nan take farawa. A nan mutanen Kaduna sun yi sa'a, citta daga Kachia da Kagarko take fitowa. Minti goma kafin abincin rana a yanka ɗanyar citta siriri, faɗin farcen babban yatsa, a barbaɗa gishiri kaɗan, a ɗiga lemun tsami, a tauna. In shayi ake so, a daddaka citta mai tsawon gaɓar yatsa a tafasa a kofi biyu na ruwa minti goma. Garin busasshiya ya fi ƙarfi, rubu'in cokalin shayi ya isa. Zuma sai shayin ya huce ake sa ta, domin a wannan tsari ba a dafa zuma, ba a kuma ba yaron da bai cika shekara ba. Mai olsa ko ƙwannafi ya bar taunar cittar nan, ƙara masa wuta za ta yi.

Abincin rana ya fi na dare nauyi. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da ɗan man shanu, fate, kunun gyaɗa, duk sun dace da lokacin. Abin da ke ƙara bushewa shi ne gugguru, biskit, garin kwaki da ruwan firij. Charaka Samhita, wani tsohon littafin Ayurbeda, ya ce a raba ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya a bar shi, maganar da wanda ya san hadisin raba ciki uku zai gane nan take.

Da dare, awa ɗaya kafin kwanciya, a dafa kofi ɗaya na madara da rabin cokalin shayi na kurkum, ɗan masoro a bakin yatsu da rabin cokali na man shanu, a ƙaramar wuta minti biyar. Maiƙon da masoron ne ke taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin kurkum. Madarar da aka sayo ɗanya dole ta tafasa sosai. Gara a sayi saiwar kurkum a niƙa da kai, domin an sha kama garin da aka ƙara wa launi mai gubar dalma a Kudancin Asiya. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai tsakuwa a matsarmama, da mai ciki, su tambayi likita kafin su mayar da shi na kullum.

Ƙwayoyi da garin da ake shigowa da su da sunan Ayurbeda wata magana ce daban. Akwai reshen tsarin da ke sa ƙarafa cikin magani da gangan. Binciken da aka buga a 2004 ya gwada irin waɗannan magunguna 70 daga shagunan yankin Boston a Amurka, ya samu dalma, zaiba ko arsenik a 14. A duba lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ci gaba da maganinsa na asibiti. Taurin bayan gida da ya wuce mako biyu ko ya zo da jini, da fason da ya ƙi warkewa a ƙafar mai ciwon suga, na likita ne tun ranar da aka lura da su.