Babi na Shida: Buhu Biyu a Bakin Ƙofa

Iyayena maza da mata, da yayyena masu halartar ajin yamma, wannan babi ya shafi abin da kowannenku yake gani da idonsa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 duk lokacin da damina ta kankama a watan Yuni, wato ruwa ya cika titi, ya shiga shago, ya jiƙa buhunan albasa, ya kuma hana yara zuwa makaranta. A karanta a hankali, ana bin kowane layi da yatsa. Wanda wata kalma ta tsaya masa ya ɗaga hannu, domin babu kunya a neman sani.

Darasi na ɗaya: abin da ya sauya

Duniya tana ƙara zafi. Hayaƙin man fetur da dizal da kwal, wanda motoci da masana'antu da janareto suke fitarwa, yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana kamar bargon da aka lulluɓa wa mutum a watan bazara, ga kuma bishiyoyin da suke shanye wannan iska ana ta sare su. Da yawa daga cikinku kun baro gida ne saboda gona ta daina ciyar da iyali, don haka ba labari zan ba ku ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa, hamada kuma tana cin gonaki a Barno da Yobe da Jigawa da Katsina da Sakkwato. A nan Legas matsalar ta juye, domin gari ne da yake kwance a bakin teku, tekun kuma tana ƙara tasowa saboda ƙanƙarar da take narkewa a ƙasashen sanyi. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a birnin Paris na Faransa a 2015 don rage wannan hayaƙi, kuma cika ta nauyi ne a kan gwamnatoci da manyan kamfanoni. Namu aikin yana bakin ƙofa.

A rubuta wannan kalma a littafi sau biyar, gaɓa-gaɓa: am-ba-li-ya.

Darasi na biyu: buhu biyu

A nemi tsofaffin buhunan shinkafa guda biyu waɗanda ba su huje ba. A jikin na farko a rubuta MAI RUƁEWA da manyan baƙaƙe. A jikin na biyu a rubuta MARAR RUƁEWA. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya ɗaura jan ƙyalle a bakin buhu na biyu, kafin hannun ya saba, kuma da yardar Allah zai saba.

Ɓawon doya, da ragowar tuwo, da ruɓaɓɓen tumatir, da ƙayar kifi, duk buhu na farko za su shiga. Robar lemo, da gwangwanin madara, da baƙar leda, da ledar fiya wata, buhu na biyu za su shiga. Duk abin da ke hannunka, yi wa kanka tambaya ɗaya kafin ka sake shi: idan na binne wannan a ƙasa, zai ruɓe ya zama taki? Idan zai ruɓe, na farko. Idan ba zai ruɓe ba, na biyu.

Yanzu mun zo wurin da kusan kowa yake tuntuɓe, wato ledar fiya wata. Mutum ya sha ruwa, ya ga ledar a jiƙe, sai ya ce ai jiƙaƙƙen abu tare da ragowar abinci zai tafi. Ba haka ba ne. Ruwan da ke jikinta zai bushe kafin la'asar, amma ita ledar za ta daɗe shekaru da yawa ba ta ruɓe ba. Saboda haka idan ka gama sha, matse ta sosai har sauran ruwan ya fita, sannan ka jefa ta a buhu na biyu, mai jan ƙyalle. A sake karanta wannan layi da ƙarfi, kowa da kowa: ledar fiya wata a buhu na biyu. Hajiya, ko da ledar ta taɓa miya, buhu na biyu ce. Baba, ko da guda ɗaya ce tak, buhu na biyu ce. Idan kana kan hanya ko cikin motar haya babu buhu a kusa, matse ta ka sa a aljihu har ka isa gida. Wanda ya manta jiya bai yi asara ba, yau sai ya fara.

Dalilin nacewa a kan wannan ƙaramar leda shi ne kwata. Kwatar da ke gaban gidanka an haƙa ta ne don ruwan sama ya bi ta zuwa babbar magudana, daga can ya faɗa tafkin da ke ƙarƙashin dogayen gadojin Legas, daga tafkin ya shiga teku. Idan leda ta taru a wuyan kwata, yashi ya hau kanta, ruwa ba shi da hanya sai ɗakinka. Wanda ya rage kuma ya kwanta ya zama gidan sauro, ko ya gauraya da ruwan masai ya sulale cikin rijiya, kuma ba mu manta da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a garin nan a watan Yuni na 2024 ba.

A nan dole in yi magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ku gafarce ni. Akwai masu zama a wannan aji, su karanta darasin nan da bakinsu, amma hadari yana haɗuwa sai su aiki yaro da kwandon shara ya juye a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Gaban gidan maƙwabcinka zai kai ta, shi ma na sama da kai gaban naka gidan ya turo tasa. Wannan cutar da maƙwabci ce, kuma bai dace da dattijon da ya san cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce ba. Ba a zuba shara a kwata, ana ruwa ko ba a yi. Ledar fiya wata kuma, na sake faɗa, a matse ta a sa a buhu na biyu.

Idan buhu na farko ya cika, a ɗaure bakinsa a ba motar shara mai aiki ƙarƙashin LAWMA, hukumar kwashe shara ta jihar Legas, a ranar da take zuwa layinku. Buhu na biyu kuwa kuɗi ne, domin baban bola da 'yan gwangwan suna sayen roba da gwangwani a kan sikeli, kuma yawancinsu 'yan'uwanmu ne masu neman halak. Kada a cinna wa leda wuta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji, musamman na yara. Masu sayar da abinci su sani cewa tun watan Janairu na 2024 gwamnatin jihar Legas ta haramta fararen mazuban nan marasa nauyi da ake zuba shinkafa a ciki. 'Yan kasuwa kuma su riƙa fitowa sharar safiyar Alhamis da kansu, su fara da kwata kafin gaban rumfa.

A rubuta a littafi sau goma: Leda ba ta ruɓewa.

Darasi na uku: hayaƙi

Janareto a waje yake zama, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. A kashe shi idan ba a bukatarsa. Mai halin sayen tukunyar gas ya rage girki da itace da gawayi, tunda kowane buhun gawayi daga jikin bishiya ya fito.

Darasi na huɗu: bishiya

Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar bishiyoyi a gefen Sahara a 2007. Wanda ya je gida da damina ya dasa dogon yaro ko mangwaro, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Aikin gida: kowa ya ƙirga ledojin fiya wata da suka shiga buhunsa na biyu daga yau zuwa Asabar, ya rubuta adadin da lamba a littafinsa, ya zo da littafin aji.