Idan masu bin ka bashi sun sa ka a gaba, ga yadda za ka yi da su

Wani ƙanina da ke sayar da kayan waya a kasuwar Wunti ya ci bashi a ɗaya daga cikin manhajojin nan na waya, kwana biyu kacal ya ƙara a kan wa'adi, sai ga saƙo ya shigo wayar Baba, da ta surukinsa, har da ta malaminsu na Islamiyya, wai ɓarawo ne ana nemansa, ga hotonsa an manna. Wallahi yaron nan sati guda bai fita masallacin unguwa ba don kunya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don na san a Bauchi ba shi kaɗai ba ne, mutane na shan wannan wulaƙancin suna shiru.

Bari in fara da abin da ba kowa ke son ji ba: in ka ci bashi to ka ci, haƙƙi ne a wuyanka kuma sai ka biya, ni ba dabarar gudu zan koya maka ba. Amma kuɗi suke bin ka, ba su da iko da mutuncinka ko na iyayenka.

Da zarar sun fara kira, kar ka yi ta cacar baki da su a waya, yaran da aka ɗauka aikin kiran nan burinsu kenan su ruɗa ka ka tura kuɗi cikin firgici. Ka ce musu su turo maka komai a rubuce, ta imel ko saƙon tes: sunan kamfanin da ya ba da bashin, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne tarar latti, ranar da ka karɓa, da abin da ka riga ka biya. In kuma wani kamfani ne daban aka ba kwangilar karɓo bashin, su nuna takardar da ta ba su izini. Da yawansu nan ake rabuwa, sai ka ji sun koma zagi, to ka bar su su yi, kai dai ka danna rikodin. Kowane saƙo ka yi masa sikirinshot yadda lamba da kwanan wata za su fito, waɗanda aka tura wa 'yan uwanka ma ka roƙe su kar su goge, su turo maka. Ka je bankinka ka ciro sitetimen ka gwada lissafinsu da naka. Na ƙanina da muka zauna muka duba, akwai biya ɗaya sukutum da ba su saka ba.

Sai maganar 'yan sanda, wadda ita ce babbar barazanarsu, gobe za mu zo shago da mota mu ɗauke ka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko wata rigimar da ba ta laifi ba, bashi kuwa nan ya faɗa. Sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗauke matarka ko ɗan'uwanka don ba a gan ka ba. Wurin bashi kotu ne, kuma kayanka da ba ka sa jingina ba babu mai ɗauka sai da umarnin alƙali. Amma fa ka kula, in da sunan ƙarya ko takardun bogi ka karɓa, ko ka ba da cek alhali ka san babu kuɗi a asusun, wannan ya zama laifi, maganar ta canja. In kuma sammaci na gaske ya zo daga kotu kar ka kuskura ka ƙi zuwa, rashin zuwa ne ke sa a yanke hukunci a bayan idonka.

Tonon asirin nan shi ya fi ƙona min rai, kuma shi ne suka fi rashin gaskiya a kai. Wanda bai tsaya maka garanto ba ba ruwansa da bashinka, kwashe lambobin wayarka a riƙa tura musu saƙon ɓatanci ya saɓa wa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, na karɓar ƙorafi a kai. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tun a 2022 ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin manhajojin bashin nan a Legas, ta kuma tilasta musu yin rajista, ka shiga shafinta na intanet za ka ga jerin waɗanda ta amince da su, ka duba ko naka na ciki, a nan ɗin ma ake shigar da ƙorafi. Google ma tun 2023 ta hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane, duk da haka ka shiga saitin wayarka ka janye musu izinin, yau ɗin nan ba gobe ba. In kuwa banki ne ko maikurofainans, ka fara rubuta musu ƙorafi ka karɓi lambar shaida, in suka yi biris sai ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, an kafa ta ne don marasa ƙarfi.

Kar kuma wani ya zuga ka wai ka cire sim ka huta. Bankuna na da tsarin GSI tun watan Agusta na 2020, in ka sa hannu a kai lokacin karɓar bashi za su iya bin BVN ɗinka su cire daga asusunka na wani bankin, sai dai uwar kuɗi da ruwa kawai aka yarda su cire, ban da tara. Ga kuma sunanka da zai shiga kundin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi, ranar da za ka nemi jari na gaske ka tarar an rufe maka ƙofa.

To ka rubuta musu abin da za ka iya, gaskiya tsakani da Allah, misali dubu goma duk ƙarshen wata idan albashi ya shigo, kuma ka nemi su yafe tarar ko su rage, suna ragewa in sun ga da gaske kake. Kar ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don kawai su ƙyale ka yau, kuma dan Allah kar ka ci wani bashin a wata manhajar don ka toshe wannan, haka mutane ke wayar gari da bashi biyar. Kuɗi kuma asusun kamfani za ka tura, ba asusun wani ma'aikaci da ya ce turo nan zan share maka ba, ka ajiye risit ɗin kowane biya.

Ranar da ka gama, ka matsa sai sun ba ka takardar shaidar cewa ba sa bin ka ko sisi. Bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahotonka a kamfanonin nan masu ajiye tarihin masu bashi, wato CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, doka ta ba ka damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara, in ka ga har yanzu sunanka na jerin masu bashi ka tura musu takardar nan da risit ɗinka su gyara.